Fanka shida a kan lagireton kwamfuta: daga ina za su sha wuta, wa zai ba su umarni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa kwamfutar tace bidiyo a nan Kano, na sa mata na'urar sanyaya CPU (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai ruwa, mai lagireto 360 da fanka uku. Ina so in ƙara wasu uku a ɗaya fuskar su zama shida. Madabod ɗina (babban allon kwamfuta) ASUS ne, yana da wuraren jona fanka, wato soket: CPU_FAN, CPU_OPT, AIO_PUMP da CHA_FAN guda uku. Zan iya jona duka shidan a soket ɗaya da waya mai rassa? Famfon da ke zagaya da ruwan kuma ina zan sa shi? Sannan ko a yanzu fankokin ba sa zama wuri ɗaya, ko burauza na buɗe sai su yi ihu su sauka, ƙarar ta ishe ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fanka shida za su zauna lafiya a kan lagireto ɗaya, kuma da irin madabod ɗin da ka ambata wataƙila ba za ka sayi komai ba sai waya biyu masu rassa. Amma kada ka zuba su duka a soket ɗaya kafin ka juya bayan kowace fanka ka karanta abin da aka rubuta a jikinta. Ita kuwa ƙarar da ke damunka ba ta da alaƙa da yawan fanka ko ƙarancinsu, saiti ne, kuma idan ka ƙara uku ba tare da ka gyara shi ba, ihun ne zai ƙaru.

Mu fara da wayoyin fankar, domin duk shawarar da zan ba ka daga nan take fitowa. Fankar da ake sa wa lagireto a yau waya huɗu gare ta. Ta farko nagetif ce. Ta biyu ita ke ɗauke da wuta, 12V. Ta uku ta rahoto ce: duk juyi ɗaya da fanka ta yi tana aika bugu biyu zuwa madabod, da wannan ne yake lissafa maka cewa tana juyi 1,200 a minti. Ta huɗu ta umarni ce, wadda ake kira PWM. Ta cikinta madabod yake aika wata 'yar sigina da ke kunnuwa da mutuwa kusan sau 25,000 a daƙiƙa, bisa ƙa'idar da kamfanin Intel ya shimfiɗa. Idan siginar tana kunne rabin lokaci, fanka ta gane ana so ta yi matsakaicin gudu. Idan tana kunne kullum, ta sake jiki ta yi iya ƙarfinta. Abin lura shi ne wayar wuta ba ta canzawa, 12V ɗin nan yana nan cur ko fanka na rarrafe ko tana tsala gudu. Wani ɗan guntun sakit da ke cikin fankar ne yake karanta umarni ya daidaita motar. Saboda haka wuta za ta iya zuwa daga wani wuri, umarni ya zo daga wani wuri dabam, fanka ba ruwanta. Wuta ce ke da nauyi, ita ce ke ƙona abu. Umarni ba shi da wani nauyi, soket ɗaya zai iya raba shi ga fankoki da yawa.

Tsohuwar fanka mai waya uku ba ta da wayar umarni. Ita sai an rage mata wutar kanta, daga 12V zuwa 9 ko 7, kafin ta sassauta. A BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, ana kiran wannan DC. Tana shiga soket mai ƙafa huɗu ba matsala, amma idan soket ɗin yana kan PWM za ta yi ta gudu a ƙarshen ƙarfinta har ka kashe kwamfutar. Idan za ka sayi ƙarin ukun, ka tabbata masu waya huɗu ne. Ka ƙirga ramukan filogin da idonka a shago, kada ka dogara da abin da ke jikin kwali.

Yanzu lissafi. Yawancin soket ɗin fanka a madabod an yi shi ne don ɗaukar amfiya 1 (ana rubuta 1A, ma'aunin yawan wutar da ake ja), wato wat 12. Akwai masu fin haka: a wasu allunan ASUS akwai W_PUMP+ mai amfiya 3, MSI ma sukan ba PUMP_FAN amfiya 3, wasu na Gigabyte suna ba da 2. Littafin madabod ɗinka yana da ɗan jadawali da ya faɗi iyakar kowane soket, idan littafin ya ɓata za ka same shi a shafin kamfanin. In ba ka ga an rubuta ba, ka ɗauka 1 ne. Sai ka duba takardar da ke manne a tsakiyar fankar ta baya, za ka ga wani abu kamar DC 12V 0.20A. Wannan lamba ta ƙarshe ita za ka ninka da yawan fankokin.

Bambancin da ke tsakanin fanka da fanka ba kaɗan ba ne, shi ya sa duk wanda ya ce maka kai tsaye "soket ɗaya na ɗaukar fanka uku" ko "na ɗaukar biyar" ba tare da ya tambayi irin fankar ba, hasashe yake yi. Arctic P12 PWM tana shan abin da bai wuce 0.1A ba, shida sun zama 0.6A, soket ɗaya zai ɗauke su yana dariya. Noctua NF-A12x25 tana shan 0.14A, shida sun kai 0.84A, an matso bakin iyaka. Noctua NF-F12 ta masana'antu mai juyi 3,000 tana shan 0.3A, uku kacal sun kai 0.9A. Fankokin da ke zuwa tare da na'urorin ruwa da yawa suna tsakanin 0.15A da 0.3A, idan taka 0.2A ce, shida sun zama 1.2A, an haura. Kuma akwai abin da lambar ba kullum take nunawa ba: mota tana jan wuta fiye da kima a lokacin tashi daga tsaye, kafin ta kama juyi. Wasu kamfanoni suna rubuta mafi girman abin da fanka za ta ja, wasu suna rubuta na tafiya kawai. Da ka danna makunni duka shidan za su tashi a tare, a daidai wannan lokacin ne soket ke shan wahala. Ni ƙa'idata ba na wuce kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na iyakar soket. Wasu sun fi ni ƙarfin hali, suna kai shi 0.9A kuma kwamfutarsu na aiki. Amma abin da ke bayan soket ɗin ɗan ƙaramin taransisto ne da siririn layin tagulla, idan suka gaji ba sa sanarwa, wata rana dai za ka kunna ka ga soket ya mutu, ko ya maƙale a cikakken gudu ba ya jin umarni. Gyaran wannan a madabod mai tsada ba abin da za ka so ba ne saboda waya ta 'yan kuɗi kaɗan.

To ga hanyar da ta fi sauƙi a wurinka. A allunan ASUS, CPU_FAN da CPU_OPT kowanne yana da amfiya 1 nasa, amma umarni ɗaya suke bi. Duk abin da ka saita wa CPU_FAN shi CPU_OPT zai kwaikwaya, ba shi da saitin kansa. Mutane sukan yi ƙorafi a kan haka, amma ga mai fanka shida a lagireto ɗaya wannan shi ne abin nema. Ka sa uku na gaba a CPU_FAN da waya mai rassa uku, uku na baya a CPU_OPT da wata irinta. Ko da kowace 0.2A take sha, kowane soket 0.6A ya ɗauka, kuma duka shidan za su tashi tare su sauka tare. CHA_FAN ɗinka uku ka bar su ga fankokin akwatin kwamfutar. Mai allon Gigabyte ya lura, a can CPU_OPT yana da saitinsa dabam, sai an daidaita su biyun da hannu.

Idan ka sayo wayar mai rassa za ka ga reshe ɗaya ne kawai ke da ƙafa huɗu, sauran uku-uku ne, akwai giɓi a wurin ƙafa ta uku. Kada ka mayar wa mai shago, ba karyewa ta yi ba. Wayar rahoto ce aka cire da gangan. Da fankoki uku za su riƙa aika bugunsu ta waya ɗaya, madabod zai ruɗe, ya nuna maka lamba tana tsalle daga sifili zuwa dubu biyar. Wadda duk rassanta ke da ƙafa huɗu cif ita ce ma abar zargi. Illar wannan tsari guda ɗaya ce: fanka ɗaya ce ke magana da yawun sauran, idan wata daga cikin marasa rahoto ta tsaya, babu abin da zai faɗa maka. Lokaci-lokaci ka leƙa da idonka.

Idan lissafinka ya haura, ko kuma kana son wayoyi su taru wuri ɗaya, sai ka nemi hob, ɗan akwatin rarraba wuta ga fankoki. Amma hob iri biyu ne a kasuwa kuma kamanninsu ɗaya. Akwai wanda waya ɗaya tal ke fita daga jikinsa zuwa madabod; wannan waya mai rassa ce aka sa wa riga, duk nauyin yana kan soket ɗinka. Wanda kake so shi ne mai waya biyu: siririya zuwa CPU_FAN don ɗauko umarni da mayar da rahoto, da kuma filogin SATA da ke shan wuta kai tsaye daga akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak. Filogin SATA yana da ƙafa uku na 12V, kowace 1.5A, jimla 4.5A ko wat 54, ya ishi fanka goma na gida har da saura. Arctic suna da mai baki goma, Noctua suna da NA-FH1 mai baki takwas. A jikin hob za ka ga baki ɗaya da aka bambanta da launi ko lamba 1; shi kaɗai ke mayar da rahoto, dole a sa fanka a cikinsa, in ba haka ba madabod zai ɗauka babu komai a CPU_FAN. Kuma yawancin hob ba sa iya rage gudun fanka mai waya uku, tunda 12V ɗinsu daga fawa fak yake zuwa ba ya raguwa.

Akwai wasu fankoki masu fitilu da ake sayarwa a kwali, uku ko biyar ko shida, da ɗan akwatinsu da rimot. Filoginsu ƙarami ne mai ƙafa shida, ba ya shiga madabod. Da yawansu ba sa karɓar umarni daga ko'ina sai rimot ɗin, wato ba su san CPU ya yi zafi ko bai yi ba. Don ado a jikin akwati ba laifi, amma ba na lagireto ba ne. Iskarsu ma ba ta da ƙarfin ratsa ƙananan ramukan lagireto. Abin da ake dubawa a fankar lagireto shi ne matsin iska, wanda ake rubutawa da mmH2O, ba yawan iskar da take hurawa a fili kawai ba.

Tunda an zo maganar fitilu: wayar fitila dabam take da ta mota, kuma soket ɗinta iri biyu ne, mai 12V da ƙafa huɗu, da mai 5V da ƙafa uku da giɓi. Ka tura fitilar 5V cikin na 12V, nan take za ta ƙone. Haka kuma ka guji 'yan wayoyin nan masu arha da ke juya tsohon filogin Molex zuwa SATA, musamman waɗanda aka narka robar kansu ta zama dunƙule ɗaya, an san su da narkewa da kama wuta. Ka ɗauki SATA daga wayar da ta fito daga fawa fak ɗin kanta.

Famfo kuwa ka ware shi, kada ya shiga cikin rassan fankoki ko hob ɗinsu. Wurinsa AIO_PUMP, wanda a allunan ASUS yake zuwa a kan cikakken gudu tun daga kamfani. Dalili shi ne abin da ake so daga famfo ya saɓa da abin da ake so daga fanka. Fanka ana so ta sassauta idan babu aiki. Famfo ana so ya riƙe gudu ɗaya, ruwa ya yi ta zagayawa. Idan ya bi umarnin da ake ba fankoki, duk lokacin da suka sauka zuwa kashi 25 shi ma zai sauka, wani famfon ma ba ya iya juyawa a wannan matakin, sai ruwa ya tsaya a kan CPU. Idan zumarsa a cikakken gudu ta dame ka, kuma mai waya huɗu ne, ka kafe shi a kashi 70 ko 80 ka bar shi nan. Bambancin zafin da za ka gani kaɗan ne. Abin da kunne ya fi tsana shi ne sauti mai hawa da sauka, ba mai tsayawa wuri ɗaya ba. Idan famfon mai waya uku ne, ka bar masa 12V ɗinsa cikakke.

Ba ka faɗi sunan na'urarka ba, kuma ba duka ake jona su haka ba. Da yawa daga na Corsair da NZXT famfonsu daga SATA yake shan wuta, fankoki a jikin famfon ko a wani akwatinsa ake jona su, sannan akwai wayar USB da ke shiga madabod don manhajar iCUE ko CAM ta riƙa sarrafa su. Irin waɗannan suna da wata siririyar waya da ake sa wa a CPU_FAN, aikinta rahoto kawai. Idan taka irin wannan ce, ka duba iyakar fankokin da kamfanin ya ce a jona a jikinta kafin ka ƙara rassa; na fi son ƙarin ukun su sami wutarsu daga wani wuri. Arctic Liquid Freezer II waya ɗaya ce ke ɗauke da komai, Liquid Freezer III kuma ta zo da zaɓi biyu, ko waya ɗaya ko a raba famfo da fankoki. In da hali a raba. Ko wace iri ce, kada a bar CPU_FAN babu komai, domin allon ASUS zai tsaya tun a farkon kunnawa ya rubuta CPU Fan Error ya ce ka danna F1. Ana iya kashe wannan gargaɗi a BIOS, amma ban ga hikimar kashe mai gadi ba alhali za a iya ba shi abin gadi.

Sai babbar maganar, ihun da ke tashi da sauka. CPU na zamani zafinsa yana tsalle cikin ƙiftawar ido. Ka buɗe burauza, ɗaya ko biyu daga ƙananan sassan da ke aiki a cikinsa su zabura zuwa ƙarshen gudunsu, ma'auni ya tashi daga digiri 45 zuwa 70, bayan daƙiƙa biyu ya dawo. Madabod yana kallon wannan lamba, sai ya umarci fankoki su bi ta. Amma fankokin lagireto ba CPU suke hurawa ba, ruwa suke sanyayawa, shi kuwa ruwa bai ma san an yi wani abu ba. Kamar tukunyar ruwa ce a kan murhu: don ka ƙara itace ɗaya ya yi bal ya mutu, ruwan ba zai tafasa ba. Ga lissafinsa: kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar kusan jul 4,200 (jul ma'aunin yawan zafi ne) kafin ya hau digiri ɗaya. A ce akwai giram 200 a cikin na'urarka, wato jul 840 ke nan kowane digiri. CPU ya ƙara wat 100 na daƙiƙa biyu, jul 200 ya zuba, ruwan bai hau ko rubu'in digiri ba, ban da ma abin da tagulla da alminiyon suka shanye. Duk ihun da fankokin suka yi a wannan lokaci a banza suka yi shi. Tsallen da kake gani yana faruwa ne tsakanin ƙwayar CPU da farantin tagullar da ke kansa, wurin da iskar fanka ba ta kaiwa.

Mafi kyawun magani shi ne fankoki su bi zafin ruwa. Idan na'urarka tana da ma'aunin ruwa a ciki, kamar masu USB ɗin da na ambata, ka shiga manhajarta ka zaɓi zafin ruwa a matsayin abin da fankoki za su bi. Ruwa a hankali yake hawa, a hankali yake sauka, fankokin ma haka za su yi, har ka manta da su. Wasu allunan ASUS suna da wani ɗan soket mai ƙafa biyu, T_SENSOR, da ake jona wayar auna zafi. Ana iya manna kanta a jikin tankin lagireto ta wajen da ruwa ke shiga, a rufe da tef, a ce wa fankoki su bi shi. Ba daidai yake da auna ruwan kansa ba, amma ya fi bin CPU nesa ba kusa ba. Sai dai a alluna da yawa CPU_FAN ba ya yarda ya bi wani ma'auni in ba CPU ba, CHA_FAN ne ke ba da wannan zaɓi, ka duba naka.

Idan babu ko ɗaya, BIOS ma ya isa. Ka danna Del lokacin kunnawa, ka shiga Q-Fan, sashen saita fankoki. Da farko ka sa CPU_FAN a kan PWM da hannunka, kada ka bar shi a Auto, yakan yi kuskuren gane irin fankar. Sannan ka shimfiɗa layin da ke nuna gudun fanka a kowane mataki na zafin CPU: daga ƙasa har zuwa digiri 65 ko 70 fankoki su tsaya wuri ɗaya, kamar kashi 40 cikin ɗari, ko duk matakin da kunnenka ya yarda da shi. Daga nan su hau a hankali zuwa kashi 70 a wajen digiri 82, sai cikakken gudu a wajen 90. Da wannan shimfiɗaɗɗen layi duk ƙananan tsalle-tsallen za su faɗa cikin yankin da babu abin da ke canzawa. Sai ka nemi Fan Step Up da Fan Step Down, waɗanda ke sa fanka ta jinkirta kafin ta amsa, ka ƙara musu lokaci. A MSI ma akwai irinsu a ƙarƙashin Hardware Monitor. Kada lambobin nan su tsorata ka. CPU ɗin Ryzen 7000 an ƙera shi ne ya riƙa tura kansa har digiri 95 idan aiki ya yi nauyi, Intel na ƙarni na 13 da 14 iyakarsu 100. Mai neman ya ga 60 a lokacin fitar da bidiyo zai sha ƙara ne kawai, ba zai samu ba.

Akwai manhaja kyauta mai suna Fan Control a Windows, tana iya sa fankoki su bi matsakaicin zafi na wani tsawon lokaci, ko su bi wanda ya fi zafi tsakanin CPU da katin hoto, wato katin da ke zana abin da ake gani a sikirin. Tana da kyau ƙwarai. Amma ka fara gyara BIOS tukuna, domin shi ke riƙe da fankoki kafin Windows ta tashi da kuma ranar da manhaja ta maƙale. Kuma kada ka tara manhaja biyu suna jan fanka ɗaya, Armoury Crate ta ASUS na cewa sama, wata na cewa ƙasa. Wannan kaɗai yakan haifar da irin hawa da saukar da kake kuka da ita.

Zamanka a Kano ya shigo cikin lissafin nan. Lagireto ba firji ba ne, ba zai taɓa sa ruwa ya fi iskar ɗakin sanyi ba. Saitin da ke zuwa da waɗannan na'urori an tsara shi ne da ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 a zuciya, inda ruwa ke zama a wajen 30, shi ya sa wasu ke kai fankoki ƙarshen gudu da zarar ruwa ya doshi 40. A watan Afrilu, ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki zai iya kai ruwanka kusa da wannan lamba kwamfutar ba ta ma fara aiki ba. Fankoki su yi ta kururuwa suna neman sanyin da babu shi a ɗakin. Don haka idan kana bin zafin ruwa, kada ka kwafi lambobin wani da ke zaune a Jamus. Ka kunna kwamfuta ka bar ta minti ashirin ba aiki, ka rubuta zafin ruwan. Nan ne ƙasan layinka. Ka ba ta aiki mai nauyi na rabin awa, ka ga inda ya tsaya. Ka sa cikakken gudu a kamar digiri 10 zuwa 12 sama da na farkon, amma kada ka bar ruwa ya riƙa zama sama da 50. Masu ƙera su sukan sa iyaka a wajen 60, kuma zafi yana gajiyar da famfo, yana sa ruwan ya riƙa raguwa ta jikin tiyo a hankali. Layin da ya dace da bazara ba shi ne na hunturu ba, ka adana guda biyu.

Ko ƙarin ukun sun cancanci kuɗinsu? A ganina, ga yawancin mutane, a'a. Lagireton irin waɗannan na'urori siriri ne, kaurinsa wajen milimita 27, fanka ɗaya mai kyau tana ratsa shi ba wahala. Sa fanka gaba da baya yakan rage 'yan digiri kaɗan ne, an fi ganin amfaninsa a lagireto mai kauri. Inda yake da riba ta gaske shi ne wajen ƙara: ninka yawan fankoki yana ƙara kusan desibel 3 ne, amma ninka gudun fanka yana ƙara kusan 15. Wato shida masu tafiya a hankali sun fi uku masu gudu daɗin zama kusa. Idan wannan kake nema, bismilla. Amma ka auna wuri tukuna: 27 da 25 da 25 sun zama milimita 77, a saman akwati yakan ci karo da RAM, a gaba kuma da katin hoto. Ka sayi irin fankokin da kake da su, domin kashi 50 a fanka mai juyi 2,000 ba ɗaya ba ne da kashi 50 a mai 3,000, ɗaya za ta riƙa jan ɗaya. Ka duba kibiyar da ke gefen kowace, duka shidan su fuskanci hanya guda. Ka yi hattara da tsawon kusoshi, wanda ya yi tsawo zai huda hanyar ruwa, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan. Sannan ga ƙurar hunturu: tana taruwa ne a fuskar lagireto ta wajen da iska ke shiga, idan akwai fanka a fuskokin biyu sai ka kwance uku kafin ka kai gare ta. Lagireton da ƙura ta toshe ya fi asarar digiri fiye da abin da ƙarin fankokin za su samo maka. Lokacin hurawa da bulowa ka riƙe fukafukan da yatsa kada su yi ta juyi, motar da ake juyawa da ƙarfi wuta take haifarwa ta mayar cikin allo.

Duk jonin nan ka yi shi kwamfuta a kashe, an zare waya daga bango. Da ka kunna, ka shiga BIOS kafin Windows, ka tabbata AIO_PUMP, ko soket ɗin da ka sa wayar famfon, yana nuna lamba, yawanci dubu biyu zuwa sama, kuma zafin CPU ya tsaya wuri ɗaya. Idan ka ga yana hawa ba tsayawa har 80 ko 90 alhali ba a aikin komai, ka kashe: ko famfo bai samu wuta ba, ko ba a cire ledar da ke manne a farantin tagulla ba. Idan fankoki duka suna cikakken gudu ba sa jin saiti, siginar PWM ce ba ta isa gare su ba, domin fanka mai waya huɗu da ta rasa umarni gudu take yi iya ƙarfinta. Ka duba siririyar wayar hob, ko filogin da aka tura ya goce da ƙafa ɗaya. Idan kuma wata ta tsaya cak a ƙaramin gudu sai an taɓa ta da yatsa take tashi, ƙasan layinka ya yi ƙasa da yawa, ka ɗaga shi zuwa kashi 30.